Saunar Rago

Ƙarar ce ta fara damuna, tun kafin in ga jini. Ƙarar farce a kan busasshiyar fata, kamar ɓera a buhun hatsi. Ina zaune a ɗakin cin abinci da kofina a hannu, sai in jiyo ta daga ƙarshen tebur. Ba sai na juya ba. Saimi ce.

Saimi matata ce. Ni sunana Taisto. Saran itace na yi a dazukan Kainuu, can arewa a ƙasar ƙanƙara, har ƙafafuna suka ce sun gaji. Makaranta leƙa ta kawai na yi. Yanzu mu biyu muna gidan tsofaffi na garinmu, ƙofata tana kallon tata. Da fari ɗaki ɗaya aka ba mu. Da kanta ya gama rikicewa sai ta riƙa farkawa ta ga ƙato a gadon gefe, ta ce a fitar mata da shi. Aka fitar da ni. Ban yi gardama ba. Gaskiyarta, matar kirki ba ta kwana ɗaki ɗaya da baƙo.

Ƙaiƙayin da hunturu ya zo. Gidan nan ɗumama shi ake yi har iska ta bushe ƙamas. Ka ajiye baƙin burodi a faranti, kafin ka gama kofi ya zama katako. Fatar Saimi ma haka ta yi. Ta yi fari, ta tsattsage, in ta cire riga sai ka ga kamar gari yana zuba. Ta sosa ƙwauri, ta sosa damtse, inda hannu bai kai ba ta goga a jikin kujera. Da safe a tarar da zanen gado da ɗigon jini. Likita ya zo ya duba ko ƙazwa ce. Ba ita ba ce. Aka ɗebi jini, ba a ga komai ba. Ya ce bushewa ce irin ta tsufa, a riƙa shafa mata mai safe da yamma.

Faɗa da baki ba wuya. Saimi ba ta yarda a taɓa ta. Marjut, nas ɗin da ke kula da layinmu, ta je da robar mai, Saimi ta kwaɗa mata tsinken saƙa a bayan hannu. Wadda ta je bayanta cizo ta sha. Su biyu ne a kan layi guda na tsofaffi, wannan na kira, wancan ya jiƙa gado. Ba su da lokacin kokawa da tsohuwa.

Abu ɗaya ya rage wa Saimi a duniya, shi ne saƙa. Ba safa take saƙawa ba, ba riga ba. Wani dogon abu ne mai ruwan toka wanda ba shi da suna, ya kai daga gadonta har bakin ƙofa. Muddin tsinkayen suna hannunta, mutum ce. Tana zaune, tana ƙirga idon saƙa a ranta, ba ta neman kowa.

Ran nan na shigo cin abincin rana na tarar an sa mata safar hannu. Fara, ta auduga, mara yatsu, an ɗaure ta a wuyan hannu. Saƙar tana ƙasa. Saimi tana buga hannuwan a tebur, ta kai baki ta ja da haƙori, ta sake bugawa. Wata yarinya tana ɗura mata miya da cokali.

Aulis yana gefe a kekensa. Tsohon direban motar madara ne, ƙafafu sun mutu, baki bai mutu ba.

Ya ce, "Taisto, tsohuwarka ta sa safar dambe. Yau za ka ci na jaki."

Na ce, "Sha kununka kafin ya sha ka."

Na tura keken dogarawata na sami Marjut a wajen kabad ɗin magani. Na san kakanta, ya taɓa ja mini itace da doki.

"Wa ya sa a yi wannan?"

"Likita. Kuma 'yarku Raili ta yarda, mun yi waya. Ta tsaga ƙwaurinta jiya, Taisto. In ciwon ya ruɓe sai asibiti."

"Cire mata."

"In fata ta warke, da hannuna zan cire."

"Yaushe ke nan?"

"Ranar da ta bari aka shafa mata mai."

Ban ci abincin ba. Na yi ta kai da kawo a baranda, daga tagar da ke kallon tafki zuwa ƙofar kicin, in juyo. Ƙarar susa ta tafi, ƙarar bugun tebur ta zo. Ta farkon ta fi daɗin ji.

Ni kuwa na san magani. Kowa a ƙasar nan ya san shi. Abin da sauna da barasa da kwaltar icce ba su warkar ba, sai kabari. Haka ubana ya ce, haka nasa uban ya ce masa.

Kowace Asabar ana kunna saunar gidan, ɗakin zafin nan da ake zuba ruwa a kan gasassun duwatsu a yi wankan tururi. Mata su fara, maza su biyo. Mu da muke da aure a ciki, ana ba mu namu lokaci a tsakani. Marjut takan kawo Saimi, ta tuɓe mata, ta zaunar da ita, sannan ta koma ɗakin sa kaya ta jira. Abin da ban faɗa ba tukuna shi ne wannan. A sauna Saimi tana dawowa. Da zafi ya bugi fuskarta, ƙanshin ganyen iccen koivu ya tashi, sai ta dube ni sosai ta ce, "Taisto, ƙara ruwa." Sunana. Duk mako sau ɗaya nake jin sa a bakinta, a nan.

Ba banza ba. A ƙauyenmu an san saunata. Maza sun sha fita daga cikinta da rarrafe su faɗa ƙanƙara. Saimi kaɗai ke zama a benci na sama har duwatsu su yi shiru. Da ubanta ya tambaye ta me ta gani a wajen mai gatari wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, cewa ta yi, "Ya iya hura sauna." Shi ke nan maganar aure ta ƙare.

Ta gidan nan ta lantarki ce, ba ta da rai. Amma tana da maɓalli, maɓalli kuwa murɗuwa yake yi.

Asabar ɗin nan na naɗo abu biyu a tawul. Baƙin sabulu na kwaltar icce, da buroshin saiwa da na taho da shi daga gida. Da Marjut ta ja ƙofa na murɗa maɓallin har ƙarshe. Na jira duwatsu suka ɗauka. Na zuba ruwa, na ƙara, tururi ya sauko mana a kafaɗa kamar bargo.

"Taisto."

"Na'am, tsohuwa."

"Bayana."

Na doke ta da damin ganyen koivu, sama da ƙasa, kamar yadda ake yi a sauna. Na goga sabulu, na sa buroshi. Ta lumshe ido tana nishi.

"Nan. A'a, ƙasa kaɗan. Yawwa. Danna mana, ko ƙarfin ya ƙare?"

Na danna. Da na gama ta karɓi buroshin ta yi mini nawa. Ana cewa zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka. Mu ba a baki muka yi shi ba.

Yammacin nan ba ta yi susa ba ko sau ɗaya. Ta zauna ja-wur, shiru, har Marjut ta cire safar ta ba ta saƙarta. Na ce wa Aulis, "Je ka gaya wa likitanku."

Washegari ta tashi kamar an zuba mata tururuwa a riga. Kafin kofin safe safar ta koma. Na ce a raina bai kai ba ne, sau ɗaya a mako ba ya kashe cuta. Na roƙi a ƙara mana Laraba. Marjut ta ga yadda take natsuwa bayan sauna, ta yarda. Laraba na ƙara wuta, na ƙara cuɗa. Asabar haka. Kowane zuwa, yamma lafiya, safiya masifa, kuma kowace safiya ta fi wadda ta wuce.

Ran Lahadi da hantsi Marjut ta fito daga ɗakin Saimi ta tsaya a ƙofata. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Taisto, da me kake cuɗa ta?"

"Da abin da ake cuɗa mutum."

"Gashinta warin kwalta yake. Bayanta kamar an ja ta a kan tsakuwa. Nuna mini."

Na ɗauko. Ni ba ɓarawo ba ne da zan ɓoye. Ta juya buroshin a hannu, ta gwada shi a tafinta.

"Wannan ai na wanke darduma ne a bakin tafki."

"Da irinsa uwata ta wanke mu tara. Ba wanda ƙaiƙayi ya kashe."

"Uwarka yara ta wanke. Zo ka gani."

Na je na gani. Da hasken rana ban taɓa ganin bayan ba, a sauna duhu-duhu ne. Layi-layi ne ja, wasu suna tsattsafo da ruwa. Na ja mata riga na rufe.

Likita ya zo a tsakiyar mako. Ya zaunar da ni, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin doki. Ya ce fatar tsoho ba ta da mai sai ɗan kaɗan. Zafi yana kashe ƙaiƙayi na ɗan lokaci, shi ya sa take jin daɗi, amma yana tafiya da ɗan man da ya rage. Sabulu ya kwashe saura. Buroshi ya buɗe fata. Na faɗa masa maganar sauna da barasa da kwalta. Ya ce shi ma kakansa yana faɗa, kuma shi ma yana da sauna a gida. Amma ta Saimi ta ƙare. Wanka da ruwa mai ɗumi, a gaggauce, nas ta yi mata. Safa dare da rana. In kuma ta ƙi natsuwa, za a fara ba ta maganin kwantar da jiki har da rana.

Na san waɗanda ake ba wa wannan maganin. Suna gaban talabijin, baki buɗe. Ba wanda ke saƙa a cikinsu.

Asabar ta zo. Ban san yadda Saimi take sanin Asabar ba. Ba ta san shekara ba, ba ta san sunan 'yarta ba. Sai ga ta a bakin ƙofar sauna, ta rungume tawul tsakanin fararen hannuwan nan, tana jira. Aka mayar da ita ɗaki. Ta dawo. Aka sake mayarwa. Maza suka shiga suka fito, an turo Aulis yana tururi.

Ya ce, "Yau an yi sauna ta mutane. Ba ta gasa kifi ba."

Na wuce shi. Na ɗauki robar man daga kan kabad na shiga ɗakinta. In nas ba ta iya ba, miji zai iya.

"Saimi, kawo bayanki."

Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Bawan Allah, ka yi ɓatan ƙofa."

"Ni ne."

"Fita. Mijina yana hanya."

Na miƙa hannu. Ta kai mini duka da safar a fuska. Bai yi zafi ba. Da ma ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. In zauna, in tashi. In ɗauki jarida, in ajiye, da ma ba karanta ta nake yi sosai ba. In je taga in dubi masu kamun kifi a kan ƙanƙarar tafki, in dawo. Ni ma bayana ya fara, tsakanin kafaɗu, inda hannu ba ya kaiwa. Saƙar Saimi an naɗe ta an sa a saman kabad don kada ta riƙa ganinta tana kuka. Ta daina cin abinci sosai. Wa zai ci da hannun wani?

Da na gaji na tare Marjut tana tura keken zannuwa.

"A sauna ba ta duka."

"Na sani."

"To a kai man can."

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙofar Saimi.

"Zan tambayi likita. Amma in ya yarda, ba zafi. Ɗumi kawai, kamar ɗakin jariri. Ba sabulu, ba buroshi, ba dukan ganye. A zuba mata ruwa mai ɗumi, a dafa da tawul, kada a goga, a shafa mai tun jikin yana da danshi. Kuma ba mako-mako ba, kullum. Mu ba mu da wannan lokacin."

"Ni ina da shi. Amma wannan ba sauna ba ce, yarinya. Wannan ta mutanen Sweden ce, masu tsoron zafi."

"To ita ke akwai."

"Ban taɓa shigar da matata sauna mai sanyi ba. Ba zan fara da furfura ba."

"Shi ke nan," in ji ta, ta tura kekenta.

Na yi taga, na yi kicin, na yi taga. A zagaye na ban san nawa ba na ga Saimi a ƙofarta. Ta juya baya ta manna a katakon ƙofa, tana sama tana ƙasa, kamar saniya a jikin shinge. Hannuwan a rataye. Matar da ta yi shekaru tana jagorar mawaƙan coci. Wasu baƙi da suka zo gaida nasu suka wuce suna kau da kai.

Na shiga ɗaki na ɗauko sabulun da buroshin. Na ajiye su a kan zannuwan Marjut.

Likita ya yarda a gwada. Kafin nan Marjut ta ce in kawo hannuwana. Ta juya su.

"Waɗannan ba hannuwa ba ne, zarto ne. Da su za ka ƙarasa ta."

Ta yanke mini farce har ƙasa, ta goge kantar da dutsen goge ƙafa, ta ce in riƙa cika su da mai safe da yamma. A ɗakin cin abinci kofi ya riƙa sulɓe mini.

Aulis ya shinshina iska. "Wa ke ƙanshin jarirai a nan? Au, Taisto ne. Amarya, yaushe biki?"

"Ranar jana'izarka, don a haɗa hidima."

Ranar farko bayan kofin yamma ne. Marjut ta kunna saunar, ta bar zafin a can ƙasa, ta manna filasta a kan maɓallin. Ni kuma na karɓo damin ganyen koivu daga firjin kicin, cikin waɗanda Raili ta kawo da bazara. Na tsoma shi a bokitin ruwan zafi na tura ƙarƙashin benci, don ƙanshin ya tashi ko ba tururi. Wannan dabarata ce, ba ta likita ba.

Aka kawo Saimi. Da ta ga ƙofar ta daina turjiya. Marjut ta tuɓe mata, ta kwance safar, ta zaunar da ita a benci na ƙasa. Muna cikin haka ƙararrawa ta yi kira daga layi, kira mai naci.

Marjut ta ce, "Wani ya faɗi. Ina zuwa. Taisto, na bar ta a hannunka."

Muka rage mu biyu. Saimi ta shaƙi iska, ta ji ganyen. Kafaɗunta suka sauka. Ta rufe ido tana jira. Na san abin da take jira. Bai zo ba. Ta buɗe ido ta dubi duwatsun, ta miƙa tafin hannu wajensu, ta janye.

"Wa ya hura wannan?"

"Ni."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta jawo tawul ta rufe ƙirji.

"Kai wane ne?"

Na ɗauko robar man.

"Sabon ɗan aiki ne? Wa ya ɗauke ka? Rago ne kai. Ko kaza ba za ta yi gumi a nan ba. Da mijina yana nan da ka ga sauna."

Maɓallin yana daidai gwiwata. Filasta ce kawai, ko ba farce tana ɓaruwa. Duwatsun lantarki ba sa daɗewa ba su ɗauka ba, wanda ya faɗi kuwa ba a ɗaga shi da wuri. Ludayi yana cikin bokiti. Ludayi biyu, uku, tururi ya sauko, ta juyo ta ce Taisto. Sau ɗaya kawai. Wa zai sani? Na ɗora hannun hagu a kan filastar. Na ji gefenta a ƙarƙashin yatsana.

Sai na ga hannuwanta. Suna kan gwiwa, ba safa, sun yi fari sun yamutse. Yatsun suna motsi su kaɗai. Na dama ya zagaya, na hagu ya ja. Saƙa take yi ba zare.

Na ɗauke hannuna.

"Juya, uwar ɗaki, in yi miki baya."

Ta harare ni. Amma a sauna ana zama kamar a coci, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta san wannan tun kafin ta san ni. Ta juya.

"Baya kawai. Kuma ka kau da idonka."

Na zuba mata ruwan ɗumi a hankali. Na dafa da tawul, ban goga ba. Man yana da sanyi, na riƙe shi a tafi har ya ɗauki ɗumin jikina. Sannan na shafa, daga wuya zuwa ƙugu, yadda gashi yake kwanciya. Fatar ta shanye shi kamar busasshen katako. Na ƙara.

"Danna mana."

"Haka aka ce in yi."

"Rago." Can sai ta ce, "Ka san mijina? Taisto. Yana daji, sai ƙanƙara ta fara narkewa zai dawo."

"Na ji labarinsa."

"Ba ya magana. Sai ka yini da shi bai ce uffan ba. Amma ya iya wuta." Ta ɗaga damtse da kanta ta miƙo mini. "Nan ma. In ya dawo zan ce ya koya maka."

"To."

Ta ba ni damtse biyu. Ƙwauri ta hana. Da Marjut ta dawo tana haki ta tarar ina rufe robar. Ta dubi filastar, ta dube ni.

Haka muka ci gaba, kullum bayan kofin yamma. Ba a kwana ɗaya aka ga wani abu ba. Akwai ranar da ta ƙi shiga sam, akwai ranar da ta shiga ta ce in fita in turo mata mace. Sai a mako na gaba ta ba da ƙwauri. Layukan buroshi suka bushe suka zube. Ciwon ƙwaurin ne ya yi taurin kai, har yau da saura. Ganyen Raili ya ƙare, muka koma busasshe da wani maƙwabci ya aiko, ƙanshinsa bai kai ba amma ta karɓa.

Da rana ta fara daɗewa a sama, Marjut ta zo teburin safe ta kwance safar da hannunta, kamar yadda ta ce. Ta sauko da saƙar daga saman kabad. Saimi ta karɓa ba godiya, ta nemo inda ta tsaya, ta ci gaba. Da dare har yanzu ana sa mata, don a barci take yi wa kanta ɓarna. Maganin kwantar da jikin ba a fara ba. Da cokalinta take cin abinci.

Aulis ya ji abin da take kirana, ƙofar ɗakin sa kaya ba ta da kauri. Yanzu duk gidan saunar rago ake cewa. Har a kicin. In lokaci ya yi sai ya buga cokali a kofi ya ce, "Rago, an kira ka aiki." Ina tashi in tafi.

Tun ranar ba ta sake dubana ta ce Taisto ba. Tana faɗar sunan kullum, amma ga rago take faɗa. Na ji labarin mutumin nan har na gaji da shi. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, ya taɓa ɗauko ta a kafaɗa daga sauna har cikin tafki. Wannan gaskiya ne, na manta da shi sai da ta faɗa.

Bayana kuwa yana nan yana cina. Wata rana da na gama nata na miƙa mata robar.

"Ni ma ki shafa mini. Nan, tsakanin kafaɗu."

Ta dubi robar kamar na miƙo mata mushe.

"Ba ka da kunya? Bayan mijina kaɗai nake taɓawa."

Sai na koma ɗaki na goga a katakon ƙofa. Na fara rufe ta tukuna.

Marjut ta daina manna filasta. Ta ce ta yarda da ni. Da ma ba ta yarda ba. Maɓallin yana nan a buɗe daidai gwiwata, ludayi yana cikin bokiti, ƙararrawa kuma kusan kullum sai ta kira ta. Hannun hagu nake dannewa a ƙarƙashin cinya, in yi shafa da na dama.